Ranar da Inna Ta Kori Shaho a Hada

Unguwar Zahir, Makka.

Zuwa ga Yayana Sabi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Maijidda da yara. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya, ciwon ƙafar maigidana ma ya yi sauƙi.

Yaya, maganar Inna ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mantuwar nan ta yi nisa. Ni da nake mata wanka kullum, yanzu "baiwar Allah" take ce mini, kuma sai ta wuni ba ta ce uffan ba.

'Yarka Dalal ta wajena kuwa sabon aiki ta samo a jami'a, wai kallon tsuntsaye. Da sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, ita da ƙawayenta sai su hau dutsen Hada, hanyar Ɗa'if, suna leƙen shaho da alhudahuda da ƙananan tsuntsayen kurmi da madubin hangen nesa. Ba kamawa, ba ci, kallo kawai! Ta nace mu je da Inna ta sha iska, muka tafi ranar Asabar da safe. Ta ja mana kunne da Hausarta mai kama da Larabci cewa ko tari kada mu yi.

Mun fi awa biyu zaune ƙarƙashin bishiyoyi kafin wani shaho ya sauko ƙasa-ƙasa yana shawagi. Kowa ya ɗaga kyamara. Sai ga Inna ta miƙe tsaye, ta fizgi farantin shayi tana bugawa da cokali, tana ihu, tana kiran sunanka wai ka yi maza ka kife 'yan tsaki da kwando! Shaho ya yi gaba, ƙawayen Dalal suka saki baki. Na yi dariya har da riƙe ciki, daga baya na ga ashe kuka nake yi. Duk hanyar dawowa tambaya take ko ka ci abinci.

Shekara uku kana cewa sai baɗi za ka zo Umra. Ba na jin haushi don ta manta ni, wallahi. Tsoro nake ji. Sunanka kaɗai ya rage a bakinta, Yaya. Ka zo tun tana iya kiransa.

A gaida Yaya Maijidda da Tijjani da Gwaggo Shatu. Dalal na gaisuwa, ta ce ta yafe shahon.

Ƙanwarka mai sauraron zuwanka,
Rabi