Ganye biyu suka rage a jikin isale

Anti Zawadi, don Allah ki taimake ni.

Ina gaishe ki. 'Yata Aikande tana lafiya, ita da jaririyarta. Ni ma da sauƙi, in ban da gwiwa. Maigidana, Baban Aikande, ba shi da lafiya. Tun bikin Ista ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, likita ya ce in ciwon ya sake bugunsa sai dai addu'a. Ɗana Elinaza ban san abin da zan ce a kansa ba, shekara huɗu ke nan ban sa shi a ido ba. Sai kuma isale, wani tsiro na wajenmu, wanda saboda shi na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutuna, ina da shekara hamsin da ɗaya na koyi haɗa baƙi a ajin manya na coci, kuma ban so kowa ya rubuta mini wannan ba.

Mu mutanen Marangu ne, sana'ar katako ta kawo mu Njombe. Kin san a wajenmu in mai laifi ya ƙulla ganyen isale ya durƙusa da shi, ba a korarsa. Maigida ya sayar da gonar gidansu, inda kabarin mahaifinsa yake. Da Elinaza ya ji, ya zo har shagonmu na katako ya kira shi marar asali a gaban jama'a. Uban ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa, ko a jana'izarsa. Wanda ya sayi gonar ya tuge shingen isale gaba ɗaya ya yi katanga. Reshe ɗaya na samu na yanko, na dasa a tsohon bokitin fenti. A duk garin nan ban san mai wani ba.

Yanzu Elinaza ya kira yayarsa ya ce zai taso daga Tunduma ranar Asabar, sha biyu ga Yuli, ya duba uban.

Tun da sanyin Yuni ya shigo, wato hunturunmu na nan, bakin ganyen ya fara ƙonewa. Na yi masa abin da na yi wa 'ya'yana. Da yamma in ajiye shi kusa da murhun gawayi, in lulluɓe shi da bargo. Ruwan ɗumi nake ba shi safe da yamma. Da sassafe in fitar da shi ya tari rana, ciyawa tana fari fat da raɓa. Ganye goma sha ɗaya ne a da, yau biyu, su ma sun fara rawaya, ƙasar har tsami take yi. Maigida, da bakin nan nasa da ya karkace, ya ce in kai wa fasto ya yi masa baftisma kawai, tun da bargonsa ya fi na mai gidan kauri. Bai san dalilina ba. Ko ya sani ne, ban sani ba, jiya na kama shi ya daɗe yana kallon bokitin.

Shi ma Elinaza ban gaya masa ba. Niyyata in tare shi a tasha in danƙa masa ganyen a hannu. In sun mutu kafin ranar, da me zai shiga? Na yi addu'a har na daina jin abin da nake faɗa. Ki ba ni amsa kafin sha biyu ga wata, bayan nan ba ta da amfani.

Uwa mai fargaba, Njombe

*

Mama,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma rubutunki bai ba ni wahala ba.

Gaskiya kulawar ce ta yi wa isale yawa. Shuka ba ta da ɗumin jiki irin na yaro, bargo ba ya ƙara mata komai sai duhu. Abin da ya ƙona ganyen shi ne kai da kawowa tsakanin wuta da raɓa. Yau ki zaɓa masa wuri ɗaya a cikin ɗaki, mai haske, nesa da murhu, nesa da ƙofa da gilashin taga, ki ɗora bokitin a kan benci don sanyin siminti. Kada ki sake ɗaga shi. Ki huda ƙasan bokitin, ki daina ba shi ruwa har sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe. Ki ɗan kankare karan da farce. In cikinsa kore ne, zai iya toho idan zafi ya dawo wajen Satumba. Ganye biyun nan kuwa, ba na jin za su kai ranar.

Na tambayi wani dattijo ɗan wajenku, ya ce shi dai bai taɓa jin an tambayi mai neman gafara daga wane shinge ya tsinko ganye ba. Ki sa 'yan'uwa a Marangu su naɗe miki sabo a ganyen ayaba, su ba direban motar Mbeya da ke bi ta wajen Njombe.

Amma Mama, ganyen da aka cusa wa mutum a tasha ba tubarsa ba ce, mijinki kuma zai gane. Elinaza ya yi mummunan furuci, shi ma an sayar da kabarin kakansa ba a tambaye shi ba. Ki kira shi da kanki a makon nan, ki ji abin da ke ransa. Ki kuma gaya wa maigida ɗansa na tafe, mai irin ciwonsa ba a yi masa ba-zata.

Elinaza yana iya ƙin riƙe ganyen. Uban yana iya juya fuska ga bango. Ba zan yi miki alkawarin shiri ba. In ɗan ya ƙi, kada ki tsaya jayayya da shi a tasha, ki kawo shi gida haka nan, ki ajiye masa kujera kusa da gadon, ki fita ki ja musu ƙofa. Ko ba wanda ya ce uffan, ya fi ya zo ya tarar an haƙa kabari.

Allah ya ba maigida sauƙi, ya kawo Elinaza lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Anti Zawadi