Malama, Yau An Ɗaure Shi

Zuwa ga matata, Malama Hadiza,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ki ba, babu kuma mai karanta miki ita. Amma tun da muka dawo daga kotu na kasa zama a kan keken ɗinki, kuma ke nake so in fara gaya wa. Malama, an ɗaure shi! Mutumin nan mai shagon cajin waya a Bagadaza, yau alƙali ya yanke masa hukunci.

Kin tuna ranar da kika kai Jamilarmu wurin 'yan sanda, tana 'yar shekara goma sha huɗu? Kika nuna musu yadda ya yaudare ta da sunan mace har ta tura masa hotonta, sannan ya ce in ba ta ƙaro wasu ba zai watsa wa duk Gombe. Suka ce miki tunda bai taɓa jikinta ba, ba su da dokar da za su riƙe shi da ita. Kika dawo gida, ko mayafi ba ki cire ba, kina ta cewa to sai a yi dokar. To an yi ta. Bayan rasuwarki aka sa mata hannu a Abuja. A rediyo na ji ina cikin yanka shadda, har na ɓata wuyan rigar mutane.

Shi kuwa bai daina ba. Ya koma kan wata yarinya a Gabukka, 'yar cocin su Madam Rifkatu, abokiyar koyarwarki. Madam ce ta tsaya tsayin daka. Ta samo lauya mace, ta zo har shagona a Tudun Wada tana tambayar littafinki, wanda kika kwafe saƙonninsa a ciki da hannunki, ɗaya bayan ɗaya, da lambar da ya turo su. Lambar ba ta canza ba, Malama, ita ce dai ya bi waccan yarinyar da ita. Da aka karanto rubutunki a kotu, sai ya sunkuyar da kai.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Kin san ni na fasa wayar Jamila, ni na mare ta, ni na ce ki rufe bakinki kada ki tona mana asiri. Abin da ba ki sani ba, sau biyu ina ɗaukar littafin nan in nufi murhu da shi. Surutun mutane nake tsoro fiye da halin da 'yata take ciki. Ranar da bom ya tashi a tasha ya yi ajalinki, kwananmu uku ba ma magana saboda wannan zancen. Kin yi mini sallama za ki fita, na amsa ban ɗago kai ba. Me zai rage ni da na ce ke ce da gaskiya? Ke ce da gaskiya, Hadiza. Ki yafe mini.

Da ma kin ga 'yarki yau. Ta ba da shaida muryarta ba ta ko rawa, ni ne ma nake share ido da hula. A hanyar dawowa, inda ake sauke mutane a shingen sojoji, muna takawa a ƙasa na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe tuntuni, jira kawai take in yi magana. Ta ce kuma lauya za ta zama, in fara shiri. Yanzu haka tana madafi tana waƙa, ta ƙona miya, ba wanda ya ce mata komai.

Labari ya riga ya zaga unguwa. Ɗazu bayan la'asar wani direba ya shigo shago kamar zai ba da ɗinki, ya jira kowa ya fita, sannan ya raɗa mini cewa ɗansa ma ana yi masa irin wannan, kuma bai san inda zai sa kansa ba. Na ce masa kada ya taɓa yaron, kada ya fasa wayar. Gobe da safe zan rufe shago in raka su wurin lauya da kaina.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sada mu a inda ya fi nan. Sai na zo.

Mijinki,
Sale tela, baban Jamila