Jar Kwalbar Abarshi

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Yau ma Abarshi ya ɗura wa motar marigayi maigidana, Malam, wannan jan ruwan. Ina tsintar wake a tsakar gida, na hango shi ta zaure: ya buɗe tanki, ya yi bisimilla, ya tuntsura 'yar kwalba. Bisimilla fa! Sai ka ce zamzam yake ba maras lafiya. Wai sunan abin aditif, wai yana wanke cikin inji.

A-kori-kurar nan ita kaɗai Malam ya bar wa 'ya'yansa. Ita ke kai albasarmu Konni. Don ƙaninsa ne na damƙa masa makulli, ba don na ga hankali a tare da shi ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Sun dawo daga Konni, hayaƙin salansar motar kamar ana toya tukwane. Na ce masa a hankali, ko a kai ta gareji? Ya yi dariya: "Innar Muhsina, datti ne ke fita, magani ya kama." Haka masu tallar sassaƙe ke cewa in mutum ya fara amai.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Malam bai taɓa ba motar nan komai ba sai gazuwal, wato man dizal, mai kyau. Da tsumma yake tace shi. Shi ko wannan, na bakin hanya yake saye, mai ruwa a gindin jarka, sannan ya bi shi da kwalba, wai ta sha ruwan. Namiji har da furfura.

Astagfirullah. Wannan giba ce ko da a takarda take. Amma ban share ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Yanzu kwalabe biyu ne. Ja ta tanki, da wata mai kauri kamar zuma, ta man inji. Muhsina ta ce masa, "Baba Abarshi, saura ta ciwon baya." Na tsawata mata. Na shiga ɗaki na yi tawa dariyar.

Na yanke shawara: zan karɓi makulli in ba Iliyasu ɗan yayana, ya iya tuƙi. Na san abin da zai biyo baya. Abarshi ba ya da wata sana'a, dangin Malam kuma za su ce na kori jininsu. Su ce. Dukiyar marayu ce, ni za a tambaya gobe kiyama.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na bi lodin albasa da kaina, don kada in yanke hukunci a kan abin da ban gani ba.

Kafin mu kai Tsarnawa motar ta fara tari, ta mutu a tsakiyar rana. Albasa na dahuwa cikin buhu. Mi gwanin ya yi? Ya laluba ƙarƙashin kujera ya jawo kwalba. Na ce, "Abarshi, don Allah." Iyakar abin da na ce ke nan. Ya mai da ita. Wani bakanike da ke wucewa a babur ya kwance matatar gazuwal, ya nuna mana: laka. Ya canza ta, mota ta tashi. Ya ce, "Hajiya, kwalba ba ta sharar wannan, komin tsadarta." Abarshi ya duƙa yana gyara takalmin da bai lalace ba.

Da munka sauke kaya a Konni na ce ya kai ni in ga mai sai da abin. Tanimun sunansa, tebur ne da laima kusa da tasha, kwalabe jere kamar na turare. Na shirya maganata tun a hanya, mai sanyi, wadda za ta ishe shi. Ban kai ga buɗe baki ba ya leƙa motar ya ce, "Wagga ba ta Malam Dauda ba ce? Allahu akbar. Allah shi jiƙan mutumin kirki. Kowace Laraba nan yake tsayawa. Ja ɗaya, rabi yake zubawa, ya aje rabi. Shina cewa kar a hwaɗa ma uwargida, ba ta son bidi'a."

Na ce amin. Na koma mota.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ɗan kasuwa ne, mi ba zai faɗa ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na tambayi Abarshi. Ya ce tun yana bin yayansa yake ganinsa yana yi, da bisimillar da komai. "Ni ban san ko tana aiki ba, Innar Muhsina. In na zuba, sai in ji kamar shina gaban mota." Na ce to tsumman tacewa fa, shi ba ka gani ba? Abin da ke da wahala ya bari, ya ɗauki mai sauƙi. Halinsa ke nan tun yana ƙarami.

Da ya fita ya manta kwalbar a kan tabarma, saura kaɗan a ciki. Na ɗauka in jefar. Na buɗe kawai don in ji wace irin ƙazanta ce.

Warin hannun Malam ne. Wanda yake shigowa da shi ran Laraba, wanda sabulu ba ya fitarwa daga bakin hannun rigarsa. Duk zamanmu ina cewa warin gazuwal ne.

Talata, 18 ga Fabrairu

Iliyasu ya zo karɓar makulli. Na ba shi fura. Munka yi hirar azumi da ke tafe, ya tafi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Har yanzu ina nan kan bakana: ruwan banza ne, an yi masa kala don maza su saya. Na gindaya wa Abarshi sharaɗi: gazuwal na gidan mai, juyen mai a kan lokaci, canjin matatar gazuwal a gareji. Na yanko masa tsumma daga tsohon rawanin Malam. Mai kama da zumar kuwa na hana, bakanike ya ce ba ta da wurin zama a injin nan.

Da zai tada mota ya tsaya yana kallona, hannu a aljihu. Na ce, "Rabi." Na shige gida.

Waccan kwalbar tana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Ban samu sukunin jefarwa ba.