Abin da Ke Yanke Kiranka da Inna

Tamaske, ranar Lahadi

Zuwa ga yayana Auwalu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da A'i da yara a can Abijan. Mu nan lafiya lau. An cire albasa, ƙafar Baba ma ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci ba sanda.

Yaya, saƙonka ya sosa mini rai, inda ka ce ka daina kira tunda Inna kashe maka waya take yi, wai fushi take don ka daɗe ba ka zo ba. Wallahi ba haka ba ne. Tun da ka aiko da akwatin wifi ɗin nan don ku riƙa ganin juna, mu ma abin ya dame mu: da mu magana garau, da an miƙa wa Inna sai hoto ya daskare. Mun zagi rezo, wato sabis ɗin waya, har mun gaji. Mun canza pus, ɗan katin layin nan, mun kashe mun kunna, Faruƙ ya kai batirin har garin Madawa aka gwada aka ce lafiyarsa lau. Har kan rumbu ya ɗora akwatin, kaji suna kallonsa.

Juma'ar da ka kira ta ƙarshe sai na zuba mata ido. Tana karɓar wayar ta kifa ta a ƙirji, ta tashi kamar za ta ɗauko wani abu, ta shige ƙuryar ɗakinta ta saki labule. Ka san kaurin katangar nan, rezo ba ya ratsa ta. Na leƙa na same ta tana shafa fuskarka da ta tsaya cak a gilashi. Kai fa ɗan fari ne. Matar da ba ta taɓa kama sunanka ba, ta yaya za ta zauna a tsakar gida, gaban Baba da surukai, tana kallon idonka? Ɓuya take ta gan ka son ranta, ɓuyar kuma ita ke yanke kiran. Ita kuwa a zatonta kai ke kashewa don aiki ya yi maka yawa. Na yi dariya, daga baya na yi kuka.

Yanzu akwatin yana tagar ɗakinta. Na ce mata can ya fi samun iska, ba ta yi musu ba. Don Allah ka kira ran Juma'a bayan an sauko, kada kuma ka nuna ka sani. Jiya tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba, ta ce in tambayi A'i ko mutumin Abijan yana cin abinci kuwa, don ta ga wuyansa ya rame.

Baba da Goggo Lantana da Faruƙ suna gaishe ku. A shafa mini kan Fiddausiya.

Ƙanwarka,
Mardiya