Ta'aziyyar da Kika Kai Bakin Kogi

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Hadizarki ce, daga unguwarmu Cheetham Hill a Manchester. Na koma garin nan fa.

Kin tuna shi ai, ɗan ƙaramin garin nan na bakin kogi a Faransa da Yaya Sani ya kai mu hutu, kina ta tambayar ina Paris ɗin take. Mai burodi ya ba mu labari, Yaya na fassarawa, wai da can kwale-kwale ke kawo gishiri da itace ta ƙarƙashin tsohuwar gadar dutse, har jirgin ƙasa ya zo ya kashe musu kasuwa. Garin ya kwanta miki a rai don kowa na gaisuwa, ba kamar fasinjojin tram, jirgin kan titin Manchester ba, da kike gaisarwa suna kallon takalmansu.

Rana na take tsaka sai ƙararrawar coci ta kaɗa. Mai burodi ya rufe, mai nama ya rufe, har kantin magani. Titi ya yi tsit. Kika dafe ƙirji: "Innalillahi! Wani babba ya rasu."

Yaya ya yi bayani har ya gaji, cewa abincin rana suka tafi ci. Ina! Kika ce ba a rufe gari don tuwo. Kika gyara mayafi, kika nufi tsofaffin da ke zaune kan benci a bakin ruwa, kika bi su ɗaya bayan ɗaya da "Ya haƙuri?" Wata tsohuwa ta sumbace ki a kumatu biyu, ta miƙo miki cuku mai ɗan karen wari. Kika ce sadakar mamaci ce, ba a mayarwa. Haka muka dawo masauki da gilashin mota a sauke. Washegari da suka sake rufewa, kika ce lallai annoba ce ta shigo.

Umma, ranar da kika rasu ko taga ba wanda ya rufe. Ɗan gidanmu bai ɗauki 'yan gaisuwa ba, yawanci ta waya suka yi, ban gama kuka ba na koma aiki. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, kamar ban yi miki zaman makoki ba.

Shi ya sa na koma. Na zauna kan bencin nan, ƙararrawa ta kaɗa, suka rufe kaf. Na san abinci suka tafi ci. Amma na bar shi a yadda kika ɗauka, na yi kukana har suka buɗe.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sada mu a Aljanna.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza