Fuskar da Na Ƙi Naɗe Kifi da Ita

Zuwa ga Jalaluddeen, sojana, sanyin idona, iskar tafki bayan la'asar, mai taurin kai kamar jakin Shanga!

Saƙonka ya iso Wara. Wai tunda nakiya ta ɗauke maka ƙafar hagu a daji, ka yafe mini alkawarin aurenmu, in je in nemi mai ƙafa biyu. To sannu, sarkin kyauta! Wa ya gaya maka ƙafa na yi wa alkawari?

Ka ma san abin da ka jawo mini? Malam Bappa, editan jaridar nan ta Yelwa, ya ci ɗamara a kanka. Kowane mako sai ya buga hotonka a gadon asibiti, yana tambayar manya yaushe za a sa wa wanda ya tsare ƙauyukanmu ƙafar roba. Aka ce ya yi shiru, yaƙi ake yi, sai ya ƙara wa hoton girma. Ni kuwa da tsohuwar jarida nake naɗe soyayyen kifi. Yaya zan ɗora tarwaɗa mai zafi a kan fuskarka? In bar mai ya jiƙa gashin bakin nan? Wallahi ba zan iya ba! Duk shafin da kake ciki ninkewa nake in tura ƙarƙashin filo. Yanzu masu saye a tafin hannu suke karɓar kifi suna yarfe yatsu, Inna kuma sai harara.

Ƙafar nan, ni ma na yi kukanta har idona ya kumbura. Ba ita ce ta yi fatali da tiren kifina a bakin kwata ba, ranar da ka diro daga kwalekwale kana tangaɗi kamar sabon maraƙi? Ka durƙusa kana tsintar kifi cikin yashi kana ba ni haƙuri, bakina na masifa, zuciyata na rawa. Ta yi aikin da aka aiko ta, ta kawo ka wurina.

Ya farin watana, kewarka ta ishe ni, ka dawo! Ka dogaro sanda, ko a ɗauko ka a jirgi, ai a kan ruwa ba mai tafiya da ƙafa. Malam Bappa ya ci gaba da nema maka ƙafa, Allah ya ba shi nasara. Amma sauran jikin, har da taurin kan, nawa ne, kuma ni ban yafe ba.

Taka har ranar da kifi zai ƙare a tafkin Kainji,
Yasira