Hular Michigan a Kan Firij

Gwaggo Nimatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Afrilun nan ya ƙare, na rasa wanda zan kai wa kuka. In na faɗa wa matan cocinmu, kafin in iso gida zancen ya riga ni haye ruwa ya kai Bronx.

Ni nas ce, muna zaune a unguwar Port Richmond a nan Amurka da maigidana da 'yarmu ta fari, wadda zan kira Amana ko da yake ba sunanta ba ne. Daga Filato muka zo tun tana goye. Bana take gama sakandare, injiniya take so ta karanta. Manyan jami'o'in nan masu zaman kansu da ubanta ya sa rai, irin su Harvard, ba su ɗauke ta ba. Amma Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor ta ɗauke ta, har da tallafin karatu, kuma suna jiran amsa zuwa ɗaya ga Mayu. Malamarta ta rungume ta don murna. Ubanta kuwa tambaya ɗaya ya yi, wai ta tarayya ce ko ta jiha. Da aka ce ta jiha ce, sai ya miƙe ya bar tuwonsa.

Kin san mutanenmu. Shi a ABU Zariya ya yi digiri, kuma har gobe ba ya iya gama hira bai ambaci Samaru ba. A wurinsa jami'ar tarayya ita ce jami'a, ta jiha kuwa ta waɗanda makinsu bai kai ba ce. Ya ce bai baro ƙasarsa yana gwajin jini a asibitin wasu ba don 'yarsa ta ƙare a makarantar jiha. So yake ta zauna gida, ta shiga wata 'yar kwaleji kusa da mu, baɗi ta sake neman masu sunan. Abin da ya fi ci masa rai, na sani, shi ne kaset ɗin da yake aika wa wansa, Baba Rwang, duk ƙarshen zangon karatu. A can gida ana tara dangi a tsakar gida a kunna, kowa ya ji inda yaran Amurka suka kai. Ya ce da wane baki zai faɗi kalmar jiha a cikin kaset ɗin nan.

Ni ma da farko jikina ya yi sanyi, ba zan ɓoye miki ba. Sai a hutun Ista na roƙe shi ya bar mu mu je mu gani, ya ce mu je mu ɓata kuɗin bas. Gwaggo, gani ya kori ji. Ban san inda makarantar ta ƙare gari ya fara ba. Laburarensu na shiga na rasa ƙofar fita, ga yara zaune har a kan matakala suna karatu ba mai tsaye a kansu. Asibitinsu kuwa, ni da nake aikin asibiti, tsayawa na yi ina kallo kamar baƙauyiya. Wata farfesa mai furfura ta zagaya da mu ɗakin injuna, ta yi wa Amana tambayoyi, ta kuma tsaya ta saurari amsa kamar da babba take magana. Yarinyar nan da kullum in na yi mata Hausa, da Turanci take mayar mini, ranar a gindin wata hasumiya mai ƙararrawa ta riƙe hannuna ta ce mini da Hausa, nan ne take so. Na yi kuka, ba kunya.

Sai na tafka wauta. Na sayo wa ubanta tsaraba, hula shuɗiya mai babban harafin M rawaya. Ashe irinta ce Boubacar, wani ɗan Nijar da muke sayen turare a wurinsa, yake tarawa a teburinsa a titi na 125, samarin Harlem na wawaso saboda 'yan ƙwallon kwandon makarantar. Maigida ya juya hular ya ce ai shi ke nan, makarantar da ake tallar sunanta tsakanin agogo da tabarau ta 'yan ƙwallo ce. Ya ɗora ta kan firij, tana nan har yau.

Yanzu Amana ba ta amsa masa, ba da Turancin ba, ba da Hausar ba. Ni kuma ina da albashina, ina iya sa hannu a takardar karɓar gurbin in aika ba da saninsa ba, amma ina tsoron abin da zai biyo baya a gidan nan. In kuma na yi shiru wurin ya wuce ta, ban san da wane ido zan dube ta ba. Shin idona ne ya ruɗe ni da gine-gine, ko makarantar ta kai yadda na gani? Me zan yi?

Maman Amana, Port Richmond

Maman Amana,

Idonki bai ruɗe ki ba. Makarantar ta kai, har ta ɗara. Tsohuwa ce, ta haura shekara ɗari da hamsin tana yaye likitoci da lauyoyi da injiniyoyi, kuma mai ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan ba ya ganin sunanta a takarda ya yatsine fuska. Ki taya 'yarki murna da kyau, don na lura a cikin hayaniyar nan ba a yi mata ba.

Amma kada ki ɗauki maigidanki mai taurin kan banza. Mudun gida ya zo da shi kasuwar da ba da shi ake awo ba. A Najeriya jami'o'in jihohi jiya-jiya aka haife su, shi ya sa ake musu kallon ƙanne. A nan kuwa, ban da makarantun soja, gwamnatin tarayya ba ta gina irin jami'ar da yake nema ba. Kowace jiha ce ke da babbar jami'arta, 'yar farinta, wadda take zuba wa ƙarfinta tana alfahari da ita. Batun hula kuma, ƙwallo ba ta cinye littafi. Ta dai kai sunan har teburin Boubacar.

Akwai inda yake da gaskiya, ko bai faɗa ba. Ann Arbor ba bayan ɗaki ba ce, sanyinta ya fi na nan cizo, kuma a makaranta mai dubban ɗalibai yaro mai kunya yana iya ɓacewa ba wanda ya lura. Sannan wanda ba ɗan jihar ba ya fi biya. Ku baje takardun tallafin a tebur ku uku, ku tabbata za ku iya ɗauka har ƙarshe, ba shekarar farko kawai ba.

Kada ki sa hannu a ɓoye. Za ki ci wurin, amma yarinyar za ta tafi ba albarkar uba, kuma duk hutu sai ta dawo gidan da ake fushi. Ki buga wa ofishin ɗaukar ɗalibai waya gobe ki tambaya ko za su ƙara muku 'yan kwanaki, tambaya ba ta ɓata komai.

Ga abin da nake so a yi. Amana ta sauke fushi, ta kai wa ubanta shayi, ta zauna ta tambaye shi wa ya gina ABU. Ke kada ki sa baki. Ya sani sarai gwamnatin Jihar Arewa ce ta gina ta, da kuɗin talakawan Arewa, don 'ya'yan Arewa, sai daga baya tarayya ta karɓa. Ku bar shi ya faɗa da bakinsa, ya ji da kunnensa. Ba ƙaryata shi kuke so ku yi ba, abin da zai faɗa wa Baba Rwang kuke nema masa, kuma ga shi: 'yarsa ta samu shiga ABU ta mutanen Michigan. Duk wanda ke tsakar gidan nan zai gane.

Daga nan ku roƙe shi ya kai ta da kansa ya gani, ke ki zauna gida. Namiji ya fi yarda da abin da yake jin shi ya gano.

Ranar da kika shiga kicin kika ga hular nan ba ta kan firij, kada ki ce uffan, kada ma ki yi murmushi. Ki ɗora tukunya kawai.

Allah ya yi wa Amana albarka, ya ba gidanku zaman lafiya.

Gwaggo Nimatu